Sujada ta waya ko zuwa majami'a: shin mu daina watsawa?

Dattijon ikilisiya, Sabon Tasha, Kaduna:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai maganar da nake so in kai gaban majalisar dattawanmu, amma na ga ya dace in fara jin ra'ayinku. A shekarar 2020, da aka sa dokar kulle saboda korona a ƙarshen watan Maris, har muka yi Ista ta ranar 12 ga Afrilu kowa a cikin ɗakinsa, ikilisiyarmu ta fara watsa sujada kai tsaye a Facebook. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan haka, kuma ban yi nadama ba, domin a lokacin babu wata hanya. Amma an buɗe majami'u shekaru ke nan, kuma akwai kujerun da har yau masu su ba su dawo ba. Ni nake zagayawa da faranti a ranar Jibin Ubangiji, saboda haka na san inda kowa yake zama, na kuma san gurbin da ya zama wofi.

Watan jiya na ziyarci wani iyali da na daɗe ban gani ba. Maigidan ya tarbe ni da murna, ya ce, "Baba, ai babu Lahadin da take wuce mu, kullum muna tare da ku a waya." Muna cikin magana sai na ji kukan jariri daga ɗaki. Ashe matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, haihuwar ma ta zo da wahala har sai da aka yi mata aiki, kuma babu mutum ɗaya a ikilisiya da ya sani. Su suna ganinmu kowane mako, mu kuwa ba ma ganinsu. Tun ranar nake tunanin ko watsawar nan ba ta zama dalilin da ya sa mutane suke ɓacewa a hankali, suna kuwa zaton suna nan. Shawarar da nake son kaiwa ita ce mu dakatar da ita. Me kuka gani?

Matashi ma'aikaci, Mararaba:

Baba, na gode da ka kawo wannan magana, amma da girmamawa ban yarda a dakatar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama abin da iyali suke zama su yi lissafinsa. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu, idan majami'arsa tana da nisa, kuɗin zuwa da dawowa zai iya cinye abincin gidan na yini guda. Idan irin wannan mutum ya tara iyalinsa suka bi sujada a waya, suka yi waƙa, suka ji wa'azi, suka aika baiko ta banki, ina laifinsa? Yesu da kansa ya gaya wa Basamariya a Yohanna 4 cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi sujada ba, sai dai cikin ruhu da gaskiya. Ya kuma ce a Matta 18:20 inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu. Ban da haka, iyayenmu sun saurari bishara ta rediyo shekara da shekaru, ba wanda ya ce sun yi kuskure. A ganina waya rediyon zamaninmu ce.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:

Baba, ina roƙo kada ku yanke wannan igiya. Aikina ba ya sanin Lahadi, wani lokaci sai in yi mako uku a jere ina bakin aiki da safe. Na sha ajiye wayata kusa da matashin kan wata tsohuwa da ta karye a ƙugu domin ta ji waƙoƙin majami'arsu, ina kallo leɓunanta suna bin waƙar ko da yake muryarta ba ta fita. Sai dai dole in faɗi ɗaya gefen. Wannan tsohuwar, ranar da matan zumuntarsu suka zo su shida suka kewaye gadonta suka kama hannunta suka yi addu'a, a ranar ce ta ci abinci sosai karo na farko. Wayar ta riƙe ta, amma ba ta yi mata abin da zuwansu ya yi ba.

Fasto mai ritaya, Kagoro:

Salama. Ɗana na Mararaba, ka kawo ayoyi masu kyau, bari mu zauna a kansu kaɗan, gama ayar da aka cire daga mahallinta takan faɗi abin da ba ta nufa ba.

A Yohanna 4 tambayar matar ita ce wane wuri ne daidai, dutsen Samariyawa ko haikalin Urushalima. Amsar Ubangiji ta kawar da ɗaure sujada ga wani wuri na musamman, ba ta kawar da taruwar masu sujada ba. Shi ya sa masu bi na farko, waɗanda ba su da ginin majami'a ko ɗaya, suke taruwa a gidaje. Ayyukan Manzanni 2:42 ta ce sun lizima ga koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. A cikin abubuwa huɗun nan, koyarwa ce kaɗai waya take iya kawo maka cikakkiya. Matta 18:20 kuwa, ka koma aya ta 15 ka karanto, za ka ga magana ce a kan ɗan'uwan da ya yi laifi: ka je wurinsa kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka gaya wa ikilisiya. Ayar tana cikin zancen mutanen da suka san juna har suna iya tsauta wa juna. Wa zai tsauta wa wanda ba a gani?

Game da Ibraniyawa 10:25, wadda ta gargaɗe mu kada mu bar taruwarmu kamar yadda waɗansu suka saba, mutane da yawa sun haddace ta amma ba su lura da waɗanda aka rubuta wa ba. Ka duba ayoyi 32 zuwa 34 na wannan sura: mutane ne da aka wulakanta a bainar jama'a, aka ɗaure waɗansunsu, aka ƙwace dukiyarsu. Suna da dalili mai ƙarfi na zama a gida, duk da haka aka ce musu su taru. Kuma dalilin da aka bayar a aya ta 24 ba don su ji wa'azi ba ne kawai, don su lura da juna ne, su zuga juna ga ƙauna da ayyuka nagari. Wato zuwanka majami'a ba don kanka kaɗai ba ne. Akwai wanda yake bukatar ganin fuskarka.

Manzanni ma suna da hanyar isar da saƙo daga nesa, wato wasiƙa, kuma sun yi amfani da ita sosai, har ta zama babban kashi na Sabon Alkawari a hannunmu. Amma dubi yadda suka ɗauke ta. Yohanna ya rubuta a wasiƙarsa ta biyu, aya ta 12, cewa yana da abubuwa da yawa da zai faɗa, amma ba ya so ya yi da takarda da tawada, yana sa zuciya ya zo su yi magana baki da baki domin farin cikinsu ya cika. Bulus ya rubuta wa Romawa doguwar wasiƙa, amma tun a sura ta fari ya ce yana marmarin ganinsu. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, manzanni ma haka suka gani.

Batun rediyo kuwa, ni na rayu a zamaninsa. Rediyon ELWA, gidan rediyon bishara, ya fara aiki daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, kuma mun saurari shirye-shiryen Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos. Amma rediyo ɗaya ne a unguwa, sai mu taru mu fi goma a ƙofar gidan mai shi, in an gama mu tattauna, ranar Lahadi kuma kowa ya tafi majami'a. Rediyon tara mu yake yi. Abin da nake tsoro game da waya shi ne kowa da tasa, kowa a kusurwarsa.

Shugabar zumuntar mata, Zonkwa:

Baba Fasto ya gama magana a kan Littafi, ni zan faɗi abin da idona yake gani. Zumunci a ƙafa yake. Ranar Lahadi idan mun tashi yin waƙa, ina buga tulu amma idona yana kan matan. Wadda ta saba rawa yau ta tsaya kamar itace, na san akwai magana a gidanta. Wadda ta zo da zane ɗaya Lahadi huɗu a jere kuma 'ya'yanta sun rame, ba sai ta buɗe baki ba, ranar Talata za mu kai mata mudun masara a ɓoye. Gwauruwar da ta fara zama a bencin baya tana fita kafin a sa albarka, mun san lokaci ya yi da za a bi ta gida. Babu mace da za ta rubuta a ƙarƙashin bidiyo cewa mijinta ya doke ta jiya, ko cewa ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Amin kawai za ta rubuta. Sannan ku tuna da yara. Yaron da bai taɓa zama a makarantar Lahadi ba, bai ga tsofaffi suna durƙusawa ba, bai haddace aya ya faɗa a gaban jama'a yana rawar murya ba, me zai riƙe idan ya girma?

Ɗan'uwa daga Mubi, mazaunin Yola:

Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. A ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma kama hedkwatar ikilisiyarmu a Kwarhi, mun gudu da kayan jikinmu kawai. Lahadin farko a inda muka sami mafaka, babu gini, babu benci, babu littafin waƙoƙi ko ɗaya, amma muka taru a gindin bishiya. Wani tsoho ya ɗaga waƙa daga ka, muka amsa, rabinmu muna kuka. A wurin ne kowa ya riƙa duba fuskoki yana ƙirga wanda ya tsira, a wurin ne kuma na ga ƙanwar mahaifiyata da muka ɗauka ta mutu. Wani ya tuna mana cewa sujadar farko ta ikilisiyarmu a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi ta, saboda haka ba mu rasa kome ba tun da muna tare.

Duk da haka ina roƙo kada mu yi saurin hukunta wanda tsoro ya hana shi zuwa. Wanda ya rasa nasa a harin da aka kai wa majami'a a Madalla ranar Kirsimetin 2011, ko a Owo ranar 5 ga Yuni 2022, ko a ƙauyukan da ake ɗauke mutane ana tsakiyar sujada, idan ƙafarsa ta yi nauyi a ƙofar majami'a, ba rashin bangaskiya ba ne, rauni ne. Irin wannan sai an riƙe hannunsa an shiga da shi.

'Yar'uwa, ba ta faɗi garinsu ba:

Na daɗe ina karantawa ban ce kome ba, amma zan yi magana domin ina cikin mutanen da kuke zance a kansu. Shekara biyu ke nan ban taka majami'a ba, kuma ba kuɗin mota ko tsoro ne ya hana ni ba. Aurena ya mutu, na kai damuwata wurin waɗanda nake zaton za su rufa mini asiri, kafin mako biyu maganar ta zagaye ikilisiya. Ranar da na shiga, na ga mata suna matsawa a benci suna kallona ta gefen ido. Mama ta Zonkwa ta ce ido yana ganin mai damuwa a majami'a, gaskiya ne, amma ba kowane ido ne yake gani da tausayi ba. A waya babu mai nuna ni da baki. Ina jin Maganar Allah, ina yin addu'a, ina barci da salama. Kuma a cikin shekara biyun nan babu dattijo ko mace ɗaya da ta ƙwanƙwasa ƙofata. In kun yanke watsawar, ba dawowa zan yi ba, abin da ya rage mini ne kawai za ku ɗauke.

Shugabar zumuntar mata, Zonkwa:

'Yata, maganarki ta soke ni, kuma ba zan kāre abin da aka yi miki ba. Zunubi ne, kuma mu mata mun san sau nawa bakinmu ya kori mutum daga gidan Allah. Ban san ikilisiyarku ba, amma a madadin iyaye mata ina roƙon gafararki. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne shekara biyu babu wanda ya zo. Ba zan ce miki ki koma gobe ba. Abin da zan ce shi ne kada ki bar waɗanda suka yi miki rauni su raba ki da teburin Ubangiji har abada, gama ba nasu ba ne. In ba za ki iya komawa can ba, akwai wata ikilisiyar, kuma ba laifi ba ne ki fara da zama a baya ki yi shiru har zuciyarki ta huce.

Katikis, Kafanchan:

Salama ga kowa. Ni Katolika ne, kuma a wurinmu koyarwar a fili take: kallon sujadarmu ta Mas a talabijin ko a waya ba ya tsayawa a madadin halarta, amma marar lafiya, da mai jinyarsa, da wanda wani babban dalili ya hana, ba su da laifi. Abin da nake so in ƙara shi ne yadda ikilisiyar farko ta bi da waɗanda ba su iya zuwa ba, domin ina ganin a nan amsar Baba take. Wajen shekara ta 155, wani malamin ikilisiya mai suna Jastin Shahidi ya bayyana wa sarkin Roma yadda Kirista suke sujada. Ya ce a ranar Lahadi mazauna birni da ƙauye sukan taru wuri ɗaya, a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a raba gurasa da ruwan inabi, sa'an nan dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu. A lura da wannan na ƙarshe. Wanda bai iya zuwa ba, ikilisiya ce take tashi da ƙafarta ta je wurinsa. Yakubu 5:14 ma haka ta ce, marar lafiya ya kira dattawa su zo su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Ba a shafa mai daga nesa.

A nan Afirka kuma, a garin Abitina da ke ƙasar Tunisiya ta yau, an kama Kirista 49 a shekara ta 304 saboda sun taru ranar Lahadi bayan sarki Diyokletiyan ya hana. Da aka tambaye su dalili, amsarsu ita ce ba za su iya rayuwa ba tare da taron ranar Ubangiji ba. Damuwata ita ce, watsawa ta ba mu shugabanni uzuri. Muna ganin adadin masu kallo a ƙarƙashin bidiyo sai mu ce mun kai ga kowa, alhali 'yar'uwarmu tana zaune shekara biyu ba wanda ya je.

Ɗan'uwa mazaunin Ingila:

A garin da nake babu inda ake sujada da Hausa, saboda haka nakan bi ta gida a waya domin in ji waƙoƙin da na tashi da su. Amma na yi shekara guda ina yin haka kawai, sai na lura babu wanda zan kira in na kwanta ciwo. Yanzu ina zuwa wata ƙaramar majami'a kusa da ni da safe, ko da yake salon sujadarsu ba irin namu ba ne, in na dawo kuma in kalli ta gida. Baba, don irinmu ma kada a rufe.

Matashi ma'aikaci, Mararaba:

Baba Fasto, na koma na karanta Matta 18 daga aya ta 15, kuma na yarda na ɗauki ayar ba a mahallinta ba. Na kuma yarda cewa Jibin Ubangiji da baftisma ba abin da za a yi ta waya ba ne. Amma ina so iyayenmu su ji wannan. Da yawa daga cikin tsarana ba lalaci ne ya zaunar da su ba. Suna zuwa a yi awa huɗu, a karɓi baiko sau uku, sanarwa ta fi wa'azi tsawo, a tashi babu wanda ya tambayi sunansu. Abokina da yake tafiya a keken guragu sai an ɗauke shi cak kafin ya hau matakalar majami'arsu, kowace Lahadi, a gaban jama'a. In ana so mu zo domin a lura da juna kamar yadda Ibraniyawa ta ce, to a lura da mu ɗin in mun zo. Batun kuɗin mota kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini.

Fasto mai ritaya, Kagoro:

Ɗana, gaskiyarka, kuma ban ji daɗin cewa gaskiya ce ba. Game da kuɗin mota, shawarata ita ce mutum ya nemi ikilisiya mai koyar da gaskiya wadda ƙafarsa za ta iya kai shi, ko da ba ita ce mai suna ba. Mun saba tsallake majami'u biyar don mu je wadda muke so, wannan ma yana cikin abin da ya sa ba mu san maƙwabtanmu masu bi ba. Masu mota kuma su daina zuwa da kujeru uku babu kowa. Abu ɗaya zan ƙara, domin yana damuna: wanda ya zauna a waya ba ya daɗewa a kan sujadar ikilisiyarsa, yakan zarce ga masu wa'azin da bai san gidansu ba, bai san yadda suke zama da matansu ba, su ma ba su san shi ba sai lambar asusun da suke nuna masa. Ibraniyawa 13:17 ta ce shugabanni suna tsaron rayukanku kamar waɗanda za su ba da lissafi. Makiyayin da bai san sunanka ba, lissafin me zai bayar a kanka?

Dattijon ikilisiya, Sabon Tasha, Kaduna:

Na gode muku duka. Na shigo da niyyar a dakatar da watsawa, amma ba wannan zan kai gaban majalisa ba. Zan ce a bar ta domin marasa lafiya, da masu aikin Lahadi, da na nesa, amma Fasto ya riƙa faɗa a fili cewa don lalura aka yi ta. Zan kuma nemi mu dattawa mu zauna da rajistar membobi mu fitar da sunan duk wanda ba mu gani ba wata uku, mu raba gidajen a tsakaninmu, mu kai Jibi ga waɗanda suke kwance. Iyalin da na ba ku labari, laifin bai tsaya a kansu kaɗai ba, domin ni ma wata nawa na ga gurbinsu ban je ba. Maganar matakala ma na rubuta, tamu majami'ar tana da guda biyar kuma ban taɓa tunanin abin ba sai yau.

'Yata da kika yi shekara biyu a gida, ban san ko a ina kike ba, amma idan kin yarda, ki yi wa Mama ta Zonkwa magana ta gefe. Ta san shugabannin zumuntar mata a wurare da yawa, kuma za ta san wadda za a iya amince wa.

'Yar'uwa, ba ta faɗi garinsu ba:

Na gode, Baba. Ban yi alkawarin Lahadi mai zuwa ba, domin har yanzu in na tuna ƙofar nan gabana yana faɗuwa. Amma na aika wa Mama saƙo, ta kuma amsa. Ta ce akwai wata tsohuwa a garinmu da za ta zo ta gaishe ni ranar Alhamis da yamma, na ce mata ta zo.